Yadda Za Ka Zaga Tsibiran Phang Nga a Jirgin Ruwa, Tun Daga Shirin Barin Kaduna

Mutanenmu na Kaduna da ke zuwa ƙasar Tailan kusan hanya ɗaya suke bi. A sauka Bankok, a shiga kasuwar Pratunam, a ɗaure kaya, a juyo gida. Wasu kuma ganin likita ne ke kai su. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mutum ya zuba kuɗin jirgi masu yawa haka, ya kwana a hanya, sannan ya dawo bai ga ɗaya daga cikin wuraren da ke sa bawa ya yi tasbihi ba tare da an ce ya yi ba, alhali tsakaninsa da wurin bai wuce tafiyar awa ɗaya da rabi a jirgin sama ba.

Wurin shi ne mashigin tekun Phang Nga, a kudancin ƙasar, tsakanin tsibirin Phuket da yankin Krabi. Teku ce ta kutso cikin ƙasa ta kwanta lamo, ruwanta kore shar, duwatsun farar ƙasa kuma suka miƙe tsaye daga cikinta, kowanne da gashin daji a ka. Ka ɗauka an tumɓuke dutsen Kufena na Zariya da ire-irensa fiye da 40, an dasa su a tsakiyar ruwa. Gwamnatin ƙasar ta mai da wurin gandun da ake karewa a shekarar 1981, faɗinsa kuma ya kai murabba'in kilomita 400. A cikinsa akwai ƙauyen Musulmi da aka gina a kan turaku bisa ruwa, da masallacinsa. Yawon kwana ɗaya ne, amma daɗinsa da rashin daɗinsa duk suna rataye ne a kan abu biyu da yawancin baƙi ba sa tambaya: wane irin jirgi za ka hau, kuma ina ruwa zai kasance a lokacin da ka isa.

Takardu tukuna

Ɗan Najeriya ba ya shiga Tailan sai da biza, kuma ofishin jakadancinsu yana Abuja. Yanzu ta intanet ake cike neman. Ka tanadi fasfo da ya rage masa aƙalla wata 6, da shaidar tikiti da masauki, da bayanin asusunka na banki. An daɗe kuma ana neman takardar wankewa daga hukumar NDLEA ga masu zuwa can, ita ce ke cin lokaci, saboda haka da ita za ka fara. Katin rigakafin cutar shawara dole ne, za a duba shi a filin jirgi kafin ka kai ga masu buga hatimi. Tun daga watan Mayun 2025 kuma akwai katin shiga ƙasa da ake cikewa ta intanet cikin kwana 3 kafin isa. Kyauta ne, duk wanda ya ce ka biya shi kuɗinsa cutarka zai yi.

Daga Kaduna, ko dai ka hau jirgin ƙasa a Rigasa zuwa Abuja, ko ka bi ta Kano. Qatar Airways na kai mutum Phuket ta Doha ba sai ya taɓa Bankok ba. Ethiopian Airlines kuma ta Addis Ababa yake bi ya sauke ka Bankok, daga nan ka nemi jirgin cikin gida, suna nan birjik. Agogonsu yana gaban namu da awa 6. Saboda haka kada ka sa yawon ruwa washegarin isarka, ka ba jikinka kwana guda ya warware.

Magana ɗaya da ba zan tsallake ba: kada ka karɓi saƙon kowa. Ko wane ne, ko da a sahu ɗaya kuke salla. In har ba ka buɗe ka gani da idonka ba, ka ba shi haƙuri. Hukuncin miyagun ƙwayoyi a can mai tsanani ne ƙwarai, kuma ɗan Najeriya dama da ido biyu ake kallonsa a bakin iyaka.

Zaɓen wata, da zaɓen rana

Daga Nuwamba zuwa Afrilu ne ranin wannan yanki. Lokacin da hunturu ke busa mu a Kaduna, a can sama garau take, teku a kwance. Disamba da Janairu sun fi cika da tsada, Maris da Afrilu kuma zafi ne mai gumi. Daga Mayu zuwa Oktoba damina ce, iska na kaɗowa daga kudu maso yamma. Cikin mashigin kansa yakan yi sauƙi domin tsibirin Phuket ya tare masa iska, kuma kaya na araha, amma damina ba abokiyar wasa ba ce. A ranar 5 ga Yulin 2018 wani jirgin masu yawon buɗe ido ya kife a tekun Phuket cikin hadari, mutum 47 suka rasu. In ka je da damina, aka ce akwai gargaɗin iska, ka haƙura da kuɗin da ka biya ka zauna a masauki.

Sai batun cikar ruwa da janyewarsa, wanda mu mutanen tudu ba mu saba da shi ba. Kogin Kaduna sau ɗaya yake cika a shekara. Teku kuwa a can sau biyu take cika a yini da dare, sau biyu take janyewa, kuma wata ne ke jan ragamarta. A tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu, cikar takan yi yawa, janyewar ma ta yi nisa. A wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu, bambancin kaɗan ne. Wanda ke bin lissafin watan Musulunci ya riga ya riƙe rabin ilimin.

Dalilin da ya sa wannan ya shafe ka shi ne, mafi kyawun abin da ke mashigin ba a waje yake ba, yana cikin duwatsun. Ruwan sama ya daɗe yana cin farar ƙasar har cikin wasu tsibiran ya rufta, ya bar fili a tsakiya, bango ta ko'ina, sama a buɗe. Ba a shiga sai ta kogo, a ƙaramin kwale-kwale. In ruwa ya cika sosai, bakin kogon ya nutse. In ya janye sosai, sai taɓo. Tsakanin biyun ne ake samun ƙofa. Don haka kafin ka biya, ka tambayi mai sayar da tikitin: "Ƙarfe nawa ruwa zai janye a ranar, kuma wane kogo za mu iya shiga?" Kamfanin kirki yana sauya lokacin tashinsa gwargwadon ruwa, kuma zai ba ka amsa nan take. Wanda ya ce maka kullum daidai ne, tikiti kawai yake son sayarwa.

Jirgin da za ka hau

Iri uku ne. Na farko jirgi mai gudu, mai injuna biyu ko uku a baya. Shi aka fi tallatawa domin yana zaga wuri biyar ko shida a yini. Ni ba na ba da shawararsa, musamman ga mai iyali. Ƙara ta hana ku hira, gabansa na dukan ruwa har ƙugu ya amsa, kuma a kowane wuri minti kaɗan za a ba ku a ce ku dawo. Mai juna biyu, da mai ciwon baya, da dattijo, kada su kusance shi. In dole ta sa, a zauna can baya kusa da matuƙi, nan ne jijjigar ta fi sauƙi.

Na biyu babban jirgi mai bene, mai tafiya a hankali. Yana da inuwa, da bayi, da wurin cin abinci, kuma yana ɗauke da ƙananan kwale-kwalen roba da masu tuƙa su. Yawancinsu daga tashar Ao Po suke tashi, a gabashin Phuket. In da Hajiya da yara za ka je, wannan ne naka. Ba za ku ga wurare da yawa ba, amma abin da kuka gani za ku gan shi da kyau.

Na uku shi ne jirgin katako na mutanen wurin, mai dogon ƙarfe a baya da farfela a ƙarshensa, injin mota ɗaure a kai. Ana ɗaukar shatarsa daga tashoshin da ke ɓangaren Phang Nga, kamar Surakul da Tha Dan, bayan ka tsallake gada daga Phuket a mota. Shi na fi so ga mutum uku zuwa shida da suka haɗa kuɗi. Kai ne mai cewa a tsaya, kai ne mai cewa a wuce. Hanyarsa kuma ta cikin dajin itatuwan da ke tsiro a ruwan gishiri take bi, saiwoyinsu a waje kamar an ɗaga su, wanda shi ne mafi girman irinsa da ya rage a ƙasar. Yawancin matuƙan nan Musulmi ne, sallama kawai za ka yi ka ga fuska ta sake. Aibinsa ƙarar inji da feshin ruwa, kuma babu bayi.

Ko wanne ka zaɓa, ku yi magana ta ƙare kafin kuɗi su fita. Kuɗin shiga gandun, wanda aka daɗe ana karɓar baht 300 (baht shi ne kuɗin ƙasar) ga babban baƙo, yana ciki ko a hannu za ka biya? Kuɗin ƙaramin kwale-kwale fa? Za a zo ɗaukarka a masauki? Abincin rana a ina ne, kuma na halal ne? Akwai rigar ceto daidai yara? Ciniki halal ne a shagunan tikiti na bakin titi, kada ka ji nauyin tayawa. Ka riƙe takardar kuɗi ta baht a jikinka, domin katin bankinmu ba abin dogaro ba ne a can. Dala sababbi marasa lanƙwasa za ka tafi da su daga gida ka canza.

Safiyar tafiya

Ka nemi tashin sassafe. Daga wajen ƙarfe goma zuwa biyu jirage ke taruwa a wuri ɗaya, wanda ya riga su fita shi ke samun ruwa shiru. Ka karya da abu mara maiƙo. Mai saurin jiri ya sha maganin amai rabin awa kafin hawa, ko ya riƙa tauna citta, ya kuma riƙa kallon nesa maimakon waya.

Babbar riga da shadda mai sitaci su zauna a masauki. Riga da wando marasa nauyi masu saurin bushewa, hula mai baki, da takalmin roba mai maɗauri. Hajiya ta sa hijabi gajere da dogon wando a ƙarƙashin doguwar riga, domin dogon hijabi mai jan ƙasa yana kama ƙusa a wajen hawa da sauka, kuma in ya jiƙe nauyi yake yi. Waya da fasfo a jakar roba mai rufewa, ana sayar da ita a kowace tasha. An hana shiga gandun da ledar da ake yarwa bayan amfani ɗaya da kwanon soso, haka nan ba a ɗaukar ko ƙwanso ɗaya a fita da shi.

Rigar ceto kuwa, ɗan'uwa, ka sa ta kafin a tayar da inji, ka ɗaure maɗaurinta har ta kama jiki. Mun san abin da rashinta ke jawowa a kogunan Arewa, kusan kowace damina sai an yi jana'izar mutane da yawa. Za ka ga Turawa sun ajiye tasu a gefe. Su sun tashi da iyo tun suna yara, yawancinmu kuwa ba mu taɓa shiga ruwan da ya wuce ƙirji ba. Ta yaro ta zama daidai shi: ka kama ta a kafaɗa ka ɗaga, in ta zame ta rufe masa kunne, ta yi masa yawa, a sauya.

Cikin kogo

A tsibirin Panak ko Hong jirgi zai tsaya, a sauke kwale-kwalen roba. Mutum biyu ke hawa, matuƙi na uku a baya. Ba kai za ka tuƙa ba. Wajen sauka, ka miƙa wa ma'aikaci hannu, ka sa ƙafa a tsakiya, ka zauna nan take, kada ka tsaya gyara riga.

Da kun doshi bakin kogon za ka ji iska ta sauya, sanyi da warin kashin jemage. Matuƙi zai kunna fitilar goshi. A wani wurin zai taɓa kafaɗarka ya ce ka kwanta, to ka kwanta rigingine sosai, hannuwa a kan ƙirji. Rufin dutsen zai wuce bisa hancinka da tazarar da ba ta fi taƙi ɗaya ba, kana ganin ɗigon ruwa na rataye a jikinsa, kana jin numfashinka. Kada ka kai hannu bango don ka taimaka. Jikinsa cike yake da ɓawon kawa mai kaifin reza, yana yanka hannu, yana kuma iya huda robar. Wanda ƙunci ke tayar wa hankali ya faɗa tun a jirgi, akwai kogwanni masu faɗi da za a kai shi.

Sai haske ya ɓullo, ku fito cikin filin. Bango ya tashi sama ta kowane gefe, itatuwa sun maƙale a jikinsa, ƙarar inji ta yanke ɗif. A nan ka roƙi matuƙi ya ɗan ajiye filafili. Dubi taɓon da ke gindin itatuwa da kyau: akwai wani ɗan kifi mai idanu a tsakar ka da ke fitowa tudu yana jan jiki da ƙegensa, ga ƙananan ƙaguwa masu hannu ɗaya babba suna ɗaga shi. A sama shaho mai jan jiki da farin kai yana shawagi. In ka ga birai, ka ɓoye abinci, kada ka ba su, suna cizo. Idan kun fito, ka ba matuƙin nan ɗan alheri. Aikin ƙarfi yake yi, kuma da wannan yake cikawa.

Dutsen da kowa ke hoto

Khao Phing Kan shi ake tallatawa da sunan tsibirin James Bond, saboda fim ɗin da aka ɗauka a wurin wanda ya fito a 1974. A gabansa akwai wani dutse, Ko Tapu, mai tsawon kimanin mita 20, gindinsa siriri, kansa da faɗi. Tun 1998 aka hana jirage matsawa kusa da shi don kada ya ci gaba da zaizayewa. Abin kallo ne, amma wurin ƙarami ne, cike da jama'a da rumfunan tsaraba masu tsada. Minti ashirin sun isa. Ka yi hotonka ka adana lokacinka don gaba.

Koh Panyee

Wannan ƙauye shi ya sa na ce Bahaushe ya fi kowa cin ribar yawon nan. Tun daga nesa za ka hango ƙubbobin masallaci masu ruwan zinariya a gindin wani ƙaton dutse, gidaje kuma sun bazu a kan turaku bisa ruwa. Masunta ne da suka taso daga Jawa ta ƙasar Indonesiya suka kafa shi a ƙarshen ƙarni na 18, kuma zuriyarsu na nan, mutum fiye da dubu. Ɗan tudun da suke da shi kaɗan ne, sai suka ba masallaci da maƙabarta, su kuma suka zauna a kan ruwa. Duk lokacin da na tuna wannan zaɓi nasu sai in ji girmansu ya ƙaru a raina.

Yawancin jirage a gidajen abincin bakin tasha suke sauke mutane, a ci, a koma. Kada ka tsaya nan. Ka ci abincinka da sauri, kifi ne da jatan lande da shinkafa, ba naman alade ba giya a ƙauyen, sannan ka kutsa ciki. Lungunan ƙanana ne, wani wurin siminti wani wurin katako, kana hango ruwa ta tsakanin allunan. Za ka wuce mata na shanya ƙananan jatan lande a faranti, tsofaffi na gyaran koma, yara sanye da kayan makaranta, domin suna da makarantarsu. Gidajen mutane ne, ba wurin kallo kawai ba, saboda haka ka yi sallama, kuma kada ka ɗauki hoton mace ko yaro sai da izini.

Ka tambayi filin ƙwallo. Bayan gasar cin kofin duniya ta 1986, yaran ƙauyen da ba su da ko taki goma na fili suka tattara tsofaffin katakai suka haɗa dandali mai yawo a kan ruwa, suna buga ƙwallo ba takalmi, in ta faɗa teku wani ya yi tsalle ya ɗauko. Daga nan ƙungiyarsu ta zama sananniya a kudancin ƙasar. Yanzu an yi musu na zamani, shi ma a kan ruwa.

Ka daidaita tafiyarka yadda azahar za ta same ka a nan. Kai matafiyi ne, kana da sauƙin kasaru. Ka lura da alƙibla: mu a Kaduna gabas muke fuskanta, a can kuwa yamma ce, da ɗan karkata zuwa arewa. In lokaci ya kama ka a jirgi babu ruwan daɗi, ruwan teku ya isa alwala, domin hadisi ya tabbata cewa ruwanta mai tsarkakewa ne, mushenta kuma halal ne. A wajen ƙauyen, wato a Phuket da kan babban jirgi, sai ka sa ido, domin naman alade ya yi yawa a girkinsu. Ka nemi tambarin halal da aka rubuta da Larabci, ko rumfar da mai hijabi ke tsare da ita. Ka riƙe kalma biyu: "mai ao mu", ba na son alade, da "mai phet", kada yaji ya yi yawa.

In kana da ƙarin kwana

Wanda bai gaji da ruwa ba ya je tashar Bang Rong a arewa maso gabashin Phuket, ya hau jirgin fasinja zuwa Koh Yao Noi, tafiyar kamar rabin awa a mai gudu, kusan awa ɗaya a na katako. Tsibiri ne a tsakiyar mashigin, yawancin mutanensa Musulmi, masu noman shinkafa da roba da kamun kifi. Akwai masaukai masu sauƙin kuɗi, abinci kuma ba sai ka yi ta bincike ba. Daga nan za ka iya shirya da mai jirgin katako tun da dare, ku fita bayan sallar asuba, ku riga jiragen Phuket isa kogwanni da awa biyu ko fiye. Ku duba lokacin ruwa tare, ku yanke kuɗi da yawan awanni, ka ba shi rabi, sauran sai kun dawo. Ka ajiye lambar 'yan sandan masu kula da baƙi, 1155, a wayarka, ka kuma tambayi lokacin jirgin ƙarshe mai komawa Bang Rong, domin da yamma suke daina tashi. Kada ka sa komawarka daga tsibirin a ranar da jirginka na sama zai tashi, ka dawo Phuket kwana ɗaya kafin nan.